Kafintan da Kujerarsa Ba Ta Kayar da Kowa

In kana neman mutumin da ya tsani ƙusa a duniyar nan, ka je layin masu katako ka tambayi shagon Ba-ƙusa. Kafinta ne, kuma laƙabin ya daɗe da cinye sunansa na yanka, har matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno shi. Tun yana yaro a hannun ubangidansa aka karantar da shi cewa ƙusa makamin malalaci ce. Ka huda wannan katako, ka fiƙe bakin wancan, ka zura ɗaya cikin ɗaya su riƙe juna, shi ke nan, sai jikokin mai kujera sun gaji da zama a kanta. Da wannan karatu ya girma, da shi ya yi aure, da shi ya yi furfura. Yana kuma da wata magana da duk layin suka haddace, don ko inuwa ka zo sha a bakin shagonsa sai ka ji ta kafin ka tashi: "Ni dai kujerata ba ta taɓa kayar da kowa ba."

Gaskiyarsa ce kuwa. Abin da bai lissafa ba shi ne, kujerar da ba ta karyewa ba ta dawo da mai ita shago. Mutum ya saya sau ɗaya, daga nan sai dai ku riƙa gaisawa a hanya, yana ce maka, "Tana nan daram, sannu da aiki." Ana cikin haka aka fara shigo da kujerun kanti, na dusar katako da aka matse da gam aka lulluɓe da yadi mai ƙyalli, mutane suka yi caa a kansu. Ba-ƙusa kan tsaya a ƙofar shago ya ga ana wucewa da su a bayan mota, ya ja tsaki ya ce, "Ku kai, damina ɗaya ce." Su kai ɗin kuwa, damina ɗaya ta gama da su, su koma kantin su sayo wasu. Shi kuma yana zaune a kan tasa mai ƙarko yana korar ƙuda.

Matarsa mace ce mai haƙuri, bakinta ne dai ba ya haƙuri. In ya dawo gida ya fara ba ta labarin yadda duniya ta lalace, takan bari ya kai aya, sannan ta ce, "To Maigida, mun ji. Yau ma ƙarkon za mu dafa?"

A irin wannan hali ne wani matashi ya shigo shagon wata safiya, da tabarau a goshi maimakon a ido. Ya ce shi darakta ne, fim yake shiryawa. Labarin mutanen sabuwar unguwar nan ne ta bayan gari, masu dogayen katangu da ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, waɗanda in maƙwabci ya sayi firij mai ƙofa biyu ba sa samun barci sai sun sayi mai uku. Jarumin fim ɗin irin wannan mutum ne. Zai yi ta saye yana gasa da maƙwabta, a ƙarshe ya sayo wata kujera da ba wanda ya taɓa ganin irinta, ya tara unguwa don su gani, ya zauna, ya jingina, ta watse da shi.

"Baba, kujera nake so mafi muni da aka taɓa yi," in ji Darakta. "Wadda tun daga ƙofa za ta riƙa ihu tana cewa ku gan ni. Kuma ina so ta karye daidai lokacin da na ce."

Ba-ƙusa ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa hanya da zarto. "Yaro, ka yi ɓatan kai. Nan ba a karya kujera."

Darakta bai motsa ba. Ɗan zamani ne, ya san inda ake taɓa dattijo. "Baba, wa kake tsammani muke zagi? Ai mutanen da suka bar kujerunka ne suka koma wa dusa. Ni dariya nake so a yi musu, gari guda."

Nan ya samu Ba-ƙusa. Shekara da shekaru yana jan tsaki ba wanda ya ji, ga wani ya zo zai sa masa tsakin a talabijin. Ya ajiye zarton ya ce yaron ya zauna.

Kujeru uku ya yi iri ɗaya, don in ɗauka ta ɓaci a samu ta sakewa. Duk haushin da ya tara ya juye a kansu. Ya sassaƙa kan zaki a kowane hannu, da baki buɗe. Ya ja majinginar ta wuce tsayin mutum, ya ɗora mata wani abu kamar kambi. Ya cusa soso har ta kumbura, ya rufe da jan yadi, sauran jikin duka ya dulmiya shi cikin fentin ruwan zinari. Da ya ja baya ya kalle ta, shi kansa sai da ya yi dariya. Sannan ya zo kan aikin da ya fi masa ciwo. Da rana tsaka ya ja ƙofar shago ya kulle, ya kifa kowace kujera, ya yanka ƙafar baya ta hagu daga ciki har sai da ya rage kaurin ɗan yatsa. Ya cike tsagar da dusa da gam, ya bi da fenti, ko shi da ya yi sai ya laluba yake gane wurin. In mutum ya zauna a gaba-gaba za ta ɗauke shi. Yana jingina, sai ƙasa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya wa Darakta: kada wani mahaluƙi ya ji cewa hannunsa ne ya yi yankan.

Biyu suka karye a wajen ɗauka, don a karon farko jarumin ya fashe da dariya tun kafin ya kai ƙasa. Ta ukun aka dawo masa da ita, Darakta ya ce a adana, akwai kashi na biyu. Kashi na biyun har yau ana jiransa. Ba-ƙusa ya tura ta ƙuryar shago ya rufe da tamfol.

Fim ya fito, ya kuma karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya, fim ɗin kujera kawai ake ce masa. Ranar da suka kalla a gida, da kujerar ta watse jarumin ya yi sama da ƙafafu, matar Ba-ƙusa ta yi dariya har tana riƙe ciki, sannan ta juyo ta ce, "Af, Maigida, ba taka ba ce wannan? Ina ce taka ba ta kayar da kowa?"

"Dabarar kwamfuta ce," ya ce da sauri. "Su suke haɗa abinsu. Kujerata lafiyarta ƙalau."

Ta yarda, don me zai sa ta ƙi? Magana ta bazu a gida da layi cewa kwamfuta ce. Shi kuma ya koma shago ya zauna yana jiran ranar da mutanen sabuwar unguwa za su ji kunya su dawo neman kujerar kirki.

Sun dawo kuwa. Wata mota doguwa ta tsaya a ƙofar shagon, wata mata ta fito tana ɗage gefen rigarta kada dusa ta taɓa. Matar wani likita ce. Ta miƙa masa waya, ga hoton kujerar an tsayar da fim a kanta. "An ce kai ka yi. Irin wannan nake so."

Ba-ƙusa ya ɗauka bai ji daidai ba. "Baiwar Allah, kin kuwa kalli fim ɗin har ƙarshe?"

"Na kalla mana! Na yi dariya har da hawaye. Wallahi kamar a gidan maƙwabciyata aka ɗauka, ita ce sak." Ta karɓi wayarta. "Amma tawa a ƙara wa zakunan girma."

Bayan kwana kaɗan maƙwabciyar ta zo, ita ma ta yi dariya har da hawaye, ita ma ta gane matar likita a fim ɗin sak. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin shekara ta zagayo, da wuya ka shiga falo a unguwar ba ka tarar da zaki biyu sun buɗe maka baki ba. Ba-ƙusa ya yi ta ƙera su, masu ƙarfi, ba yanka, ba ƙusa, yana sassaƙa yana zagi a ciki. Tukunyar gida ta gyaru, matarsa ta daina tambayar ko ƙarko za a dafa. Amma abin yana cin sa. Duk rayuwarsa yana yin kujerun da zai iya tsayawa gaban ubangidansa da su, ba wanda ya waiwaya. Ya yi ɗaya don zagi, ita ce ta yi masa suna.

To, duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da zancen Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, wadda ta yi rarrafe cikin dusar shagon, wadda ya taɓa yi wa 'yar mitsitsiyar kujera tun kafin ta iya tafiya. A duk 'ya'yansa ita ce ba ya iya ce wa a'a ya yi barci. Ta auri wani yaro mai hankali, ma'aikacin kamfani, Allah ya buɗa masa, aka yi ta ƙara masa girma, har suka wayi gari a sabuwar unguwa, bayan doguwar katanga, da maigadi a bakin get. Lokacin aurenta Ba-ƙusa ya yi mata kujeru na katakon da ya daɗe yana ɓoyo, marasa ado, santsi kamar tafin hannu. A tsohon gidansu a falo suke. A sabon gida suka fara tafiya. Daga falo suka koma ɗakin cin abinci, daga can suka koma lungu, a ƙarshe suka sauka a bayan kicin, kusa da injin wanki, inda ake ɗora musu bokiti.

Shi ma mai kujerun can ya sauka. In ya kai ziyara da kayan aikinsa a jiki, da fenti a farce, Auta takan tare shi tun a ƙaramar ƙofa da fara'arta. "Baba, zo ta nan, baya ya fi iska." Ta kawo masa shayi, ta zauna kusa da shi su yi hira, 'yarta ƙarama ta haye cinyarsa. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Falon ne dai bai taɓa zama a ciki ba. Ya kuma ji ta da kunnensa tana gaya wa wata baƙuwa cewa babanta harkar katako yake yi, da irin muryar da za ka zaci jiragen ruwa yake saukewa. Ba-ƙusa ba yaro ba ne, ya gane. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ya haɗiye, ya ce wa kansa ai baya da gaske ya fi iska.

Wata rana ta zo shago da kanta, ta ɗaga gefen tamfol ta leƙa. "Baba, wannan ba ita ce ta cikin fim ɗin ba? Ta asalin?"

"Rufe, rufe. Wannan ba ta zama ba ce. In kujerar kike so, ki bari in yi miki sabuwa, zakunan su fi na kowa."

"Haba Baba, sabuwa ai kowa yana da ita. Ta asali ce ba kowa."

Ya ce a'a, ya kasa faɗin dalili, don dalilin yana ƙarƙashin fenti kuma shi ya ce kwamfuta ce. Auta ta tafi da idanu jajaye, ta sauka wajen uwarta. Uwa kuwa ta ce rowa ce kawai irin ta tsufa, me za a yi da kujera a ƙarƙashin tamfol, ɓeraye za a ba? Aka jira ya yi tafiyar sayo katako. Da ya dawo, ya tarar da tamfol a ninke tsaf a ƙurya.

Ranar ko ruwa bai sha ba ya nufi gidan Auta, yana ganin surukinsa kwance a ƙasa da ƙafafu sama. Ta tare shi a ƙaramar ƙofa tana dariya. "Baba, kwantar da hankalinka, ba wanda zai lalata maka ita. Wa zai zauna a kai? Ko Baban yarinya bai isa ba." Ta ja shi ya leƙa ta ƙofar kicin. Ga ta can a kusurwar falo tana walƙiya, an ajiye mata tukunyar furen roba dama da hagu.

Ya yi ajiyar zuciya. Ashe kujerar da aka yi don ta karye ta samu gidan da za ta fi duk kujerunsa daɗewa. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, ya dubi yadda fuskarta ke haske, ya ce a ransa sai wani zuwan. Wani zuwan ya zo ya wuce. Har ya taɓa zuwa da ɗan ƙarfen ɗauri da ƙusoshi a aljihu, shi Ba-ƙusa, yana tafe suna ƙara kamar mai ɗauke da kayan sata, da niyyar ya faki ido ya ɗaure ƙafar daga ciki. Ina! Mutumin da ba a zaunar da shi a falo, ta ina za a bar shi a falo shi kaɗai? Ya koma gida da ƙusoshinsa.

Ana nan, sai ga kiran Auta. "Baba, ranar hutu da yamma ku zo kai da Mama. Ka sa kaya masu kyau. Kuma ta babban get za ku shigo."

Abin da ya faru shi ne, matar likita ta zo gidan ta zagaya kujerar, ta taɓe baki ta ce kowa ma zai iya cewa tasa ce ta asali. Auta ta hasala, magana ta kuɓuce mata: "Babana ne ya ƙera ta da hannunsa." Ta zaci za a yi mata dariya. Sai ta ga idanu sun buɗe. Ashe a unguwar da kowa ke da kujerar, wanda ke da kafintan ya fi kowa. Shi ne ta shirya zama, ta gayyaci maƙwabta a sha lemo a sake kallon fim ɗin tare da wanda ya yi kujerar.

Ba-ƙusa ya shiga ta babban get, maigadi har da rusunawa. Falon ya cika. Ga matar likita, ga maƙwabciyarta, ga mazajensu, ga wani mai ƙaton tumbi da ake kira Mai-motoci, wanda ke juya makullai a yatsa ko da yana zaune. Talabijin ɗin ya kusa cinye bango guda. Auta ta kamo hannun babanta ta kai shi tsakiya.

"Jama'a, wannan shi ne babana. Kafinta ne. Shi ya yi kujerar nan, shi ya yi naku duka." Ta janye tukwanen furen. "Tun da ta shigo gidan nan ba wanda ya taɓa zama a kanta. Yau shi zai zauna."

Aka tafa, wayoyi suka tashi sama.

Kafinta ne. A gaban mutane ta faɗa, da bakinta, ba harkar katako ba. Shekaru yana jiran wannan kalma, ga ta ta zo tare da ƙafar baya ta hagu. Ba-ƙusa ya tsaya yana kallon zakunan, su ma suna kallonsa. In ya ce ba zai zauna ba, ya watsa wa 'yarsa ƙasa a ido a ranar da ta nuna shi. In ya faɗi gaskiya, kafin gobe unguwa ta gama jin cewa Auta gawar kujera take gadi a falonta, matar likita kuwa ta samu abin fira na shekara. In kuma ya zauna ya saki jiki, to fim ɗin za a sake, da shi a matsayin jarumi, wayoyi na ɗauka. Wanzami ba ya son jarfa, amma yau an miƙo masa tasa askar.

Ya juya a hankali, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya sauke kansa a bakin kujerar, can gaba, ɓangaren dama. Rabin nauyinsa ya ba ta, rabin ya riƙe a gwiwoyinsa. Ta ɗan yi wata ƙara siririya da shi kaɗai ya ji. Ta tsaya.

"Kai, ta dace da shi!" in ji Mai-motoci. "Baba, ka jingina mana, ka saki jiki, gidanka ne."

"Bayana ba ya son laushi," in ji Ba-ƙusa.

Aka kunna fim.

Bai taɓa sanin fim ɗin yana da tsawo haka ba. Jarumin ya sayi firij, aka yi dariya. Ya sayi mota ta biyu don maƙwabci ya sayi ta biyu, matar likita ta saci kallon Mai-motoci tana ƙunshe dariya. Matar jarumin ta sauya labule don ta ga na gidan gaba, Mai-motoci ya saci kallon matar likita. Kowa a falon yana da wanda yake kallo, kowa kuma yana jin daɗi. Shi kuwa Ba-ƙusa cinyoyinsa sun fara zafi tun ba a je ko'ina ba, daga zafi suka koma rawa, ya dafe gwiwoyi da tafukansa don kada a gani. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta bayan kunne.

Matarsa ta matso ta raɗa masa, "Maigida, ga sanyin na'ura har ina jin ɗari, kai kana gumi?"

"Kalli fim ɗinki."

Sai ga jikarsa ta shigo da gudu, ta hango kakanta, ta nufo shi kai tsaye kamar yadda ta saba a bayan kicin. Bai taɓa hana ta cinyarsa ba. Ya miƙa hannu ya tare ta tun kafin ta faɗo masa, ya ɗaga ta ya ɗora a kan gwiwar dama, can ƙarshe, ya riƙe ta gam. Yarinya ta yi ta wutsil-wutsil tana son ta taɓa haƙorin zaki, kowane motsi nata yana ji har cikin ƙashin bayansa. "Zauna, amarya, zauna," yake ce mata a hankali, "zakin nan yana cizo." Auta ta dube su daga inda take tsaye da faranti, ta ɗauki hoto, ta share ido da gefen hannu.

A ƙarshe aka zo wurin. Jarumin ya tara unguwa, ya gyara riga, ya zauna, ya jingina. Kujera ta watse, ƙafafu suka yi sama. Falon Auta ya kece da dariya. Mai-motoci yana dukan cinya, makullansa suka faɗi. Maƙwabciya tana nuna talabijin tana nuna kujerar da ke kusurwa, ta kasa magana. Aka ce a mayar baya a sake, aka sake. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, don ya san dariya na sassauta gwiwa.

"Ku dubi dattijo," in ji matar likita, "ko murmushi babu. Masu fasaha haka suke, abinsu ba ya ba su dariya."

Mai-motoci ya share hawaye ya ce, "Baba, don Allah yaya aka yi ta karye haka a fim, ga ta kuma garau?"

"Kwamfuta," in ji Ba-ƙusa ta tsakanin haƙora.

Da fim ya ƙare aka yi ta zuwa ana tsayawa a gefensa ana ɗaukar hoto, yana roƙon Allah kada wani ya dafa majinginar. Baƙi suka fara fita, Auta da mijinta suka raka su get. Sai a lokacin ya sauke yarinyar, ya tura nauyinsa gaba, ya miƙe da ƙyar. Ƙafafun kamar na aro. Ya bi bango ya ratsa kicin ya fita baya, ya sauke bokiti daga kan ɗaya cikin tsofaffin kujerunsa, ya zube a kai. Ko ƙis ba ta yi ba. Ya zauna yana kallon gwiwoyinsa suna rawa su kaɗai, yana shirya yadda zai fara maganar, don ya yanke cewa yau kam sai ya faɗa mata.

Auta ta same shi a nan, da kofin shayi a hannu. Ta durƙusa a gabansa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Na san nan zan same ka." Ta ajiye kofin. "Baba, na daɗe ina zaunar da kai a bayan nan, ina ce maka ya fi iska. Ka san ba iska ba ce, ni ma na sani. Yau da na gan ka a kan kujerar, da yarinya a cinyarka, kunyar kaina ta kama ni. Ka yafe mini."

Ya ajiye maganar da ya shirya. Ya lalubo wata. "Ba komai, Auta. Sai dai ki bari in kai kujerar shago kwana biyu, in ɗan duba ta."

"A'a, Baba! In ta fita get ɗin nan cewa za su yi mun sayar. Kuma matar likita ta ce ko ƙusa ɗaya aka ƙara mata ta tashi daga ta asali. Lafiyarta ƙalau, ai kowa ya gani." Ta kama hannunsa mai fenti a farce. "Daga yau ka gama zama a nan. Gobe ma zan sa a kwashe waɗannan a kai sito. Duk ranar da ka zo, kujerarka tana falo, ba mai zama a kanta sai kai."

Ba-ƙusa ya dubi 'yarsa, idonta cike da hawaye, fuskarta cike da murna. Ya dubi gwiwoyinsa.

"To, Auta," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

"Yaushe za ka dawo?"

"Ba da jimawa ba."

Ta tashi da sauri ta koma ciki, don uwarta na kira. Shi kuma ya gyara zama a kan tsohuwar kujerar, ya miƙe ƙafafu, ya jingina sosai har katakon ya karɓi bayansa duka. Bai taɓa shayin ba har ya huce.